Kwana tara kafin kyamara ta gane fuskata

A watan Yulin 2024 aka amince da taken aikin kammala digirina, wato manhajar da za ta riƙa ɗaukar sunayen ɗalibai ta hanyar gane fuska, maimakon takardar nan da ake zagayawa da ita a aji kowa yana sa wa abokinsa hannu. Da na kai wa malamin da ke duba aikina tsarin, ya duba ya ce, "To madalla. Je ka haɗa kayan aikinka, mako mai zuwa ka zo ka nuna mini kyamara ta gane fuska ko da guda ce." Na fito daga ofishinsa ina lissafin aikin yini ɗaya ne. Kwana tara ya ci mini, kuma a cikin kwanakin nan ko layi ashirin na kod ɗin kaina ban rubuta ba. Duk lokacin ya tafi ne wajen sauke kayan da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye kyauta, da lallaɓa su su zauna a kwamfutata. Na san bana ma akwai waɗanda za su ɗauki irin wannan take, shi ya sa zan faɗi yadda aka yi daki-daki.

Ga wanda bai shiga harkar ba, abin da muke kira laburare a nan ba ɗakin littattafai ba ne. Kunshin kod ne da wani ya rubuta don wani aiki, ya buɗe tushensa kowa ya gani, ya ɗauka, ya yi amfani da shi. Ba wanda zai zauna ya rubuta lissafin gane fuska daga farko don aikin wata huɗu. A Python, wato yaren rubuta manhaja da na yi aikin da shi, akwai babbar rumbu da ake kira PyPI, inda ake ajiye irin waɗannan kunshi, sai kuma ƙaramar manhaja mai suna pip wadda ake aika ta ɗauko. Ni guda uku nake buƙata: OpenCV don kyamara, NumPy don lissafi, da face_recognition wanda shi ne mai gane fuskar. Kwamfutata kuwa laftof ce ta hannu, Windows 10, ram ɗinta gigabayit 4, batirinta ba ya kai awa ɗaya da rabi. Ka riƙe wannan, zai dawo.

Ranar farko na shiga python.org na sauke Python 3.12, fayil ɗin wajen megabayit 25 ne. Na danna masa, na yi ta danna gaba-gaba kamar yadda muka saba da kowace manhaja, ya ce ya gama. Na buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, na rubuta pip, sai ya amsa mini da "'pip' is not recognized as an internal or external command". Na rubuta python, maimakon ya buɗe sai ga shagon manhajojin Windows ya taso. Na kashe kwamfutar na kunna, haka dai. Na cire Python na sake sawa, haka dai, domin kuskuren da na yi da farko shi na maimaita. A shafin farko na mai girkawar, can ƙasa, akwai wani ɗan akwati da aka rubuta "Add python.exe to PATH", kuma ba a cike yake zuwa ba, kai za ka cike shi. PATH jerin wuraren da Windows ke dubawa ne idan ka kira sunan manhaja. In ba a sa adireshin Python a jerin ba, yana cikin gidan amma ba wanda ya san ɗakinsa. Na sake girkawa karo na uku na cike akwatin, na gwada, bai yi ba, har na fara zufa, ashe sai an rufe baƙin allon an buɗe sabo kafin ya ga canjin. La'asar ta yi kafin pip ya amsa sallamata.

Washegari wani ɗan ajinmu ya ce kada in kuskura in zuba komai a Python ɗin kwamfutar gaba ɗaya, in yi wa aikin keɓantaccen wuri nasa. Wannan shawara ita ce mafi amfani da na samu a makon, ko da yake a lokacin ban gane dalilinta ba. Ana shiga foldar aikin a rubuta python -m venv venv, sai ya gina wani ɗan ɗaki mai nasa Python da nasa pip, duk abin da ka sauke a nan yake zama, in ya lalace ka share foldar ka sake wata ba tare da ka taɓa sauran ayyukanka ba. Da na zo kunna shi a PowerShell, wani allon rubuta umarni na Windows, sai ya ce "running scripts is disabled on this system". Wannan tsarin tsaro ne na Windows, ba lalacewa ba ce. Ana iya sassauta shi, amma ni na bi hanya mai sauƙi, na koma tsohon baƙin allon cmd na rubuta venv\Scripts\activate, sunan ɗakin ya fito a farkon layi. Kullum ka buɗe sabon allo sai ka sake kunna shi. Sau biyu ina mantawa, ina sauke kaya da datata suna tafiya wani wurin daban.

Daga nan na shiga sauke kaya. A duk misalan da na gani ana rubuta import cv2 a saman kod, don haka na rubuta pip install cv2. Ya ce babu wani kunshi mai wannan suna. Sunan da ake kiran laburare da shi a cikin kod daban, sunan da aka yi masa rajista a rumbu daban: cv2 a rumbu opencv-python ne, PIL kuma Pillow ne, sklearn kuma scikit-learn. Kada ka yi ta cankar suna har wani ya shiga, domin an sha kama miyagun kunshi a PyPI da aka sa wa suna mai kama da na sanannun, harafi ɗaya kawai ya bambanta, suna jiran mai kuskuren rubutu. Je shafin aikin ka kwafo umarnin yadda masu shi suka rubuta. OpenCV kusan megabayit 40 ne, ba wani abu ba ne ga mai intanet mai ƙarfi, amma ni da wayata nake haɗawa, ga damina, hadari na haɗuwa sabis ya fara rawa. Sau uku yana kaiwa wajen rabi ya tsinke da "Read timed out", kuma pip na wancan lokacin ba ya ci gaba daga inda ya tsaya, daga sifili yake sake farawa. Daƙiƙa 15 kawai yake jira in bai ji motsi ba. Da na ƙara --timeout 120 a ƙarshen umarnin, na kuma bari sai bayan sha biyun dare lokacin da layi ya yi sanyi, ya sauka lafiya, ya kuma jawo NumPy da kansa.

A rana ta uku na rubuta pip install face_recognition, kuma nan ne aka fara wasan gaske. Kunshin kansa ƙarami ne, amma yana tafe da 'yan rakiya: Pillow, Click, wani kunshin samfuran fuska mai kusan megabayit 100, sai kuma dlib, wanda shi ne injin da ke yin ainihin aikin. Komai ya sauka, aka zo kan dlib, sai allon ya cika da jan rubutu, ya fi shafi uku. Na tsorata, na rufe. Na sake gwadawa, ja. Kuskurena a nan shi ne ban karanta ba. Ganin ja kawai nake yi in kwafi layin ƙarshe in liƙa a Google, alhali layin ƙarshe cewa kawai yake yi an kasa gina dlib. Dalilin yana can tsakiya, a rubuce ɓaro-ɓaro: babu CMake a kwamfutarka.

Sai da na je wurin wani yayanmu da ya gama shekara biyu kafin mu, yana aiki a wani kamfanin manhaja a cikin gari, sannan na fahimci abin da ke faruwa. Na ce, "Yaya, don Allah me ya sa OpenCV ya shiga salin-alin, shi kuma wannan ya ƙi?" Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, OpenCV ɗinkakkiyar riga aka ba ka, sawa kawai ka yi. Shi dlib yadi aka miƙo maka, kuma ba ka da tela a gida." Bayanin ke nan gaba ɗaya. Yawancin manyan laburaren Python cikinsu da yaren C ko C++ aka rubuta shi don sauri. Masu su kan juya kod ɗin zuwa yaren inji tun daga can, su ajiye shi a fayil mai ƙarewa da .whl, ɗaya na Windows, ɗaya na Linux, ɗaya na Mac, kuma kowace sigar Python da nata. In pip ya samu wanda ya yi daidai da kai sai ya ɗauko ya sa. In bai samu ba, sai ya ɗauko ɗanyen kod ya yi ƙoƙarin ɗinka shi a kwamfutarka. Shi dlib a ɗanye ya zo mini, saboda haka ina buƙatar abu biyu: CMake, mai awo da yanka, da kuma manhajar da ke juya C++ zuwa yaren inji, wato telan.

CMake bai ba ni wahala ba, na sauke daga cmake.org, wannan karon idona na kan akwatin PATH tun kafin ya fito. Telan ne ya ci kuɗi. Saƙon ya ce ana buƙatar Visual Studio, ni kuwa na ce ai ina da shi, da shi nake rubuta kod kullum. Ashe abin da nake da shi Visual Studio Code ne, kuma in ban da suna ba abin da ya haɗa su. Abin da ake nema shi ne Build Tools na Visual Studio, kyauta ne a shafin Microsoft. Fayil ɗin farko 'yan megabayit ne, har na yi murna, ashe ɗan aike ne kawai. Da ya buɗe ka zaɓi "Desktop development with C++" sai ya nuna maka gaskiyar lamari: saukewa ta doshi gigabayit 2, a faifai kuma sama da gigabayit 6. Datar gigabayit 5 da na saya don duk aikin ta riga ta yi nisa. Na share finafinai da hotunan biki don samun wuri, na sayi datar dare, na kwana a zaune. Wajen ƙarfe uku aka ɗauke wuta, batiri ya riƙe ni har huɗu da 'yan mintuna ya mutu. Abin da ya cece ni shi ne wannan mai girkawar, ba kamar pip ba, yana ajiye abin da ya riga ya sauke. Dare na biyu ya ƙarasa.

A tsakanin nan na kusa faɗawa wani rami. Wani a zauren WhatsApp na ajinmu ya turo fayil ɗin dlib ɗinkakke, ya ce ba sai an sha wahalar tela ba. Na karɓa da murna, pip ya ce "is not a supported wheel on this platform". Sunan fayil ɗin ma ya faɗi dalili in da na iya karanta shi: akwai cp39 a ciki, ma'ana an ɗinka shi ne wa Python 3.9, ni kuma nawa 3.12 ne, cp312 nake buƙata. Shi kuma win_amd64 yana nufin Windows mai bit 64, ko da injin kwamfutarka na Intel ne, kada sunan ya ruɗe ka. Da na ba yayan nan labari sai ya ce gara da ya ƙi shiga. Fayil ne da ba mu san wanda ya ɗinka shi ba, ya bi hannu goma kafin ya iso, kuma duk abin da aka cusa a ciki zai yi aiki a kwamfutarka da cikakken izininka. Ya ce wanda ba ya son tela, akwai hanya mai tsabta: ya sa Miniconda, wata manhajar ɗauko kunshi kamar pip, ya ɗauko dlib daga rumbun conda-forge, inda ake ajiye shi a ɗinke. Da na san haka tun farko wataƙila da nan na bi. Amma na riga na biya kuɗin yadi da na tela.

Rana ta shida na tafi shagon mai cajin waya na unguwarmu da ke da janareta, na biya shi naira 500 ya ba ni soket da benci. Na rubuta pip install dlib. Ya rubuta "Building wheel for dlib", wata 'yar sanda ta fara juyawa, shi ke nan. Minti goma, ashirin, fankar laftof tana kuka kamar za ta tashi sama, linzami ma da ƙyar yake motsi. Mai shagon ya leƙo ya ce, "Malam, anya injin nan naka bai sandare ba?" Ni ma abin da ke raina ke nan, yatsana na kan maɓallin tsayarwa. Abin da ya hana ni shi ne na buɗe Task Manager, mai nuna aikin da kwamfuta ke yi, na ga injin yana aiki ɗari bisa ɗari, alamar ɗinki ake yi ba barci ba. Na rufe burauza da duk wani abu mai cin ram, na je na yi sallar azahar na dawo. Ya ɗauki kusan minti hamsin kafin ya rubuta "Successfully installed dlib". A kwamfuta mai ƙarfi ba ya kai haka. Na ɗauki hoton allon na tura wa yayan nan kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Na sake sa face_recognition, ya shiga, na ɗauka an gama. Washegari na buɗe VS Code, wato Visual Studio Code ɗin da nake rubuta kod da shi, na rubuta import face_recognition, ya ce babu wannan kunshi. Abin da na sa da hannuna jiya! Matsalar ita ce editan yana amfani da babban Python na kwamfutar, ba na cikin ɗakin venv ba. Ana danna Ctrl da Shift da P, a nemi "Python: Select Interpreter", a zaɓi wanda adireshinsa ke cikin foldar aikin. Na gyara, sai wani sabon saƙo ya fito yana cewa in girka face_recognition_models. Na duba da pip list, yana nan. Na cire na sake sawa, saƙon bai canza ba. Na bi umarnin da saƙon ya bayar na saukewa daga GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye kod ɗinsu, wanda ya sa sai da na girka Git, manhajar da ke ɗauko kod daga can, na sake kashe megabayit 100, saƙon yana nan daram. Yini guda cur na yi a kan wannan. Da daddare na gwada kiran kunshin samfuran shi kaɗai, import face_recognition_models, sai ainihin kuskuren ya fito: babu pkg_resources. A lokacin wannan wani yanki ne na kunshin setuptools, wanda a da kowane venv ke zuwa da shi, amma daga Python 3.12, wanda ya fito a Oktoban 2023, aka daina sa shi kai tsaye. An rubuta laburaren ne tun lokacin da ba wanda ya yi tunanin za a wayi gari babu shi. Umarni ɗaya, pip install setuptools, ɗan ƙaramin fayil, ya warware abin da ya hana ni cin abincin rana.

Saura ɗaya. Na sa hotona, na kira aikin gano fuska, sai ya ce "Unsupported image type, must be 8bit gray or RGB image". Na canza hoto, na canza daga PNG zuwa JPG, na ɗauki sabo da waya, na rage girmansa, duk a banza. Hoton ba shi da laifi. A watan Yunin 2024, makonni kaɗan kafin in fara, aka saki NumPy 2.0, babban sauyi na farko irinsa tun 2006, kuma ya canza wasu abubuwa na ciki da laburaren da aka gina a kansa suka dogara da su. Shi pip in ba ka faɗa masa siga ba, sabuwa fil yake ɗaukowa. Wato dlib ɗina yana magana da tsohon yare, NumPy yana amsa masa da sabo. Duk bidiyon koyarwar da nake bi an yi su ne kafin wannan sauyi, shi ya sa a wurinsu komai ke tafiya sumul. Na rubuta pip install "numpy<2", ya sauko da 1.26.4, na sake gwadawa. Wani koren akwati ya zagaye fuskata a allo, da sunana a ƙasa. Daren rana ta tara ke nan.

Da na kai wa malam, bai wani daɗe a kan koren akwatin ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Ranar kare aiki in kwamfutarka ta ƙi tashi, za ka iya tayar da wannan a tawa?" Na yi shiru. Ta biyu kuma, "Waɗannan kayan da ka kwaso, da wane lasisi aka sake su?" Nan ma shiru, don ni a wurina kyauta kyauta ce. Ya ce in je in rubuta su a babi na uku. Na bincika: NumPy na ƙarƙashin lasisin BSD, face_recognition na MIT, dlib na Boost, OpenCV kuma Apache 2.0 tun daga siga ta 4.5. Duka huɗun masu sauƙi ne, suna barin ka yi amfani da su har a kayan sayarwa, muddin ba ka goge sanarwar masu su ba. Akwai irin GPL da ke wajabta maka buɗe naka kod ɗin in ka rarraba manhajar da ka gina da shi, wanda ya kamata mai niyyar sayar wa wata makaranta aikinsa ya sani tun kafin ya yi nisa.

Tambayar farko ita ta koya mini abin da ya kamata in fara da shi. Umarnin pip freeze > requirements.txt yana rubuta sunan kowane kunshi da ainihin sigarsa a fayil ɗaya. Sannan pip wheel -r requirements.txt -w kaya ya tara mini ɗinkakkun fayilolin duka a folda mai suna kaya, har da dlib ɗin da na sha wuya a kansa, kuma bai sake ɗinka shi ba tunda pip ya ajiye wanda ya gina a ma'ajiyarsa. Na kwafe foldar a filash tare da fayil ɗin girka Python 3.12. A kwamfutar malam na yi venv, na rubuta pip install --no-index --find-links=kaya -r requirements.txt. Ba intanet, ba CMake, ba tela. Bai kai minti uku ba.

In zan sake daga farko, kafin in sauke komai zan shiga shafin kowane laburare a PyPI in duba abu biyu: ranar da aka saki sigarsa ta ƙarshe, da ko akwai fayil ɗin .whl mai lambar Python ɗina. Laburaren da ya yi shekaru ba a taɓa shi ba ya fi zama lafiya da Python na zamaninsa, don haka sabuwar siga ba kullum ce ta fi ba, kuma da na ɗauki 3.10 ko 3.11 da matsalar setuptools ba ta same ni ba. Zan duba ranar da aka ɗora bidiyon koyarwa kafin in bi shi. Jan rubutu kuma zan karanta shi daga sama har ƙasa, domin sau biyu amsar tana gabana ina neman ta a waje. Sannan ba zan fara babban saukewa ko ginin dlib a kan batiri ba, sai inda na tabbata wuta za ta kai ni.

Mu huɗu ne a sashenmu muka yi aikin da ya shafi gane fuska a shekarar. Sauran ukun ba wanda ya sauke Build Tools, filashina suka karɓa. Ɗaya ya dawo mini da shi yana cewa ba ya aiki, muka duba, ashe Python 3.11 ne a kwamfutarsa, dlib ɗin cikin filash kuma cp312 ne. Muka sa masa 3.12 a gefen nasa, muka gina ɗakin da py -3.12 -m venv venv, ya shiga.